Tabarau Biyu na Baba Hudu Masunci

A cikin duk shekarun da na yi ina yanka gilashi a shagon ido na Gyadi-Gyadi, ban taɓa mantawa da ranar da muka rufe shago da rana tsaka muka tafi kallon kifi ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku saurara, don wata rana za a kawo muku irinta.

Tsarin aikinmu ba wuya. Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, ita ce mai shagon kuma ita ke auna ido. In ta gama ta rubuta lambar gilashi ta miƙo mini, ni in yanka in ɗora a firam in daidaita wa mutum a fuska. Ita likita, ni tela, haka nake gaya wa masu tambaya.

Wata ranar Talata cikin bazara wani magidanci mai suna Sabi'u ya shigo riƙe da hannun mahaifinsa, tsohon kuwa sai fizge hannun yake. Baba Hudu ke nan, masunci daga wani ƙauye a bakin dam ɗin Tiga. An yi masa aikin yanar ido watanni da suka wuce, ido ya warke, likita ya sallame shi. Madam ta auna, ta ce gani ya dawo daram. Amma Baba ya ce shi bai ga wani daram ba.

"'Yata, a tudu ina ganin allura," in ji shi. "Amma da na hau ruwa sai ya zame mini kwanon silba. Hawaye kawai nake."

Shi Baba ba masuncin jefa koma a yi ta jira ba ne. Tsayawa yake a goshin kwalekwale, ya hango kifin da idonsa a cikin ruwa, sannan ya watsa birgi, ragar nan da ake jefawa da hannu. Tun da ƙyallin ruwa ya fara kashe masa ido, 'ya'yansa suka ce ya zauna a gida. Zaman nan shi ke cinsa.

Madam ta ce da ni in fito da gilashi mai kashe ƙyalli, wanda muke kira folarais. Bambancinsa da baƙin gilashin kasuwa shi ne, na kasuwa duhu kawai yake ƙarawa, ƙyallin yana nan. Wannan kuwa yana tare hasken da ke tasowa daga fuskar ruwa, sai ido ya ratsa ciki. In kuna shakkar na gaske ne, ku haɗa biyu ku juya ɗaya a gicciye. In suka yi baƙi ƙirin, na gaske ne. Kada takardar da aka manna a jiki ta ruɗe ku.

Na ɗauko mai ruwan toka, mafi duhu, ina ta washe baki. Baba ko taɓawa bai yi ba.

"Ɗan nan, so kake in shiga gari da wannan a ce Hudu ya makance? Ko kuwa a ce na zama ɗan iska da furfurata? Mayar da abinka."

Ana cikin haka Sabi'u ya yafuto ni waje. Ya sassauta murya ya ce, "Malam, don girman Allah ka ce masa babu gilashin da zai yi. Rannan saura ƙiris ya faɗa ruwa, da rigarsa na kamo shi. Gara ya yi fushi da mu yana raye." Idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na ji tausayinsa, don ba mugunta ce ta sa shi ba. Na ce masa ƙarya dai ba zan yi wa tsoho ba, amma ya bari in shaida wa Madam.

Da Madam ta ji, sai ta ɗauki makullin mota. "Nasiru, kwaso duka kalolin. Wanda zai sayi takalmi ai da ƙafarsa yake gwadawa."

A bayan gidanta a Tarauni tana da tafkin siminti inda take kiwon kifin karfasa, ruwan ya yi kore shar. Muka isa rana tana tsakiyar ka. Baba ya tsaya a baki, ya kare fuska da tafin hannu, hawaye ya fara zuba. Ni kaina ban da farin haske ba abin da nake gani.

Tunda ba kowa sai mu, ya yarda ya gwada mai ruwan tokar. Ya ce hawaye ya tsaya, amma an mayar masa da azahar magariba. Gaskiyarsa, wannan na ruwa mai zurfi ne mai garai-garai. Mai ruwan ɗorawa kuma ya ce haske ya yi yawa, sai dai da sanyin safiya ko ranar hadari. Sai na miƙa masa mai ruwan ƙasa, a firam mai lanƙwasa da ke rufe gefen ido. Shi ne na ruwa mara zurfi mai laka, ga shi ba ya ɓoye idon mutum gaba ɗaya.

Baba ya saka. Ya ƙura wa ruwan ido, har na zaci shi ma wannan bai yi ba. Can sai na ga ya ɗan rusuna, kafaɗarsa ta dama ta ja baya kamar mai shirin jifa, alhali ba komai a hannunsa.

"Ga su nan," ya ce a hankali. "Ga babbar can ta raɓe a kusurwa. 'Yata, wannan ai ta isa ci, me kike jira?"

Madam ta tuntsire da dariya. Sabi'u kam bai yi dariya ba, kansa na ƙasa. Baba ya juyo ya dube shi, ya zare tabaran ya miƙa masa.

"Ungo, kai da ba ka taɓa ganin kifi ba sai a cikin miya."

Ashe tun Sabi'u yana ƙarami aikinsa tuƙi ne a baya, don uban ya yanke cewa ba shi da idon ruwa. Ya karɓa ba don yana so ba, ya saka, ya leƙa. Sai ga magidanci da gemunsa yana ihu kamar yaro.

"Baba, ga su! Wallahi ga su! Har ƙayar bayansu nake gani!"

"Wacce ce babbar?"

Ya nuna. Baba ya kama hannun ya ɗan karkata shi. "Waccan inuwar ganye ce, sakarai. Ga ta nan. Dubi yadda wutsiya ke motsi." Suka duƙa kafaɗa da kafaɗa, tabarau ɗaya yana yawo tsakaninsu. Mu da muka kawo su an manta da mu, muka koma gindin mangwaro.

Da suka gaji, Baba ya miƙe ya ce, "Ɗan nan, na san abin da ya ja ka waje ya gaya maka. Ido ne ya yi ciwo, kunne lafiyarsa ƙalau." Sabi'u ya buɗe baki, uban ya ɗaga masa hannu. "Ka yi mana biyu iri ɗaya. Ƙafata ba ta tsayuwar goshi ba ce kuma, na sani tun kafin ku sani. Abin da na ƙi shi ne a bar ni a tudu. Shi ya tsaya a gaba, ni in zauna a bayansa ina gaya masa wanne ne kifi wanne ne ganye."

Sabi'u ya durƙusa a gaban mahaifinsa. Ni kuwa sai na tsiri goge gilashin da ba datti a jikinsa.

Washegari na haɗa musu, na ɗaura wa kowanne igiya ta rataya a wuya, don ruwa ba ya mayar da abin da ya karɓa.

Abin da na koya shi ne, takardar Madam tana gaya maka ƙarfin idon mutum ne kawai, ba ta gaya maka abin da yake tsoron rasawa. Don haka kafin ku buɗe akwatin gilashi, ku tambayi mutum me yake son gani, a ina, kuma da wa. In ta kama a rufe shago a bi shi can, a rufe.