Tumtum ɗin Uban Jinaidu

Jinaidu baduku ne, maƙwabcina a Unguwar Rogo, mutum mai gardamar tsiya in dai a kan fata ce. Rumfarsa tana kan hanyar Hubbaren Shehu, kuma masu ziyara daga Nijar da Kamaru, da 'yan tsirarun Turawan da kan biyo ta nan, su ne masu cinikinsa. Mu 'yan gari ba ma sayen tumtum, wato matashin fatar nan da ake kishingiɗa a kai. Sai dai mu zauna a kan nasa mu sha shayi.

Duk abin da yake ɗinkawa, daga tumtum ɗaya yake kwaikwayo, wani tsoho na jar fata da mahaifinsa ya yi. A gidansu ba a zana ado a takarda. Ɗa kan gaji aikin uba ne ya riƙa dubawa. Da idon Jinaidu ya yi rauni, sai ya koma bin adon da babban yatsansa na hagu, hannun dama yana riƙe da basilla. Yatsa ya shafa, basilla ta bi. Matarsa Ashatu kan ce ko ita ba ta samun kulawar da tumtum ɗin nan yake samu.

Ana gab da shigowar korona, wasu 'yan kwamiti suka zo da motar gwamnati, wai za a yi baje kolin kayan gargajiya don jawo baƙi. Jagoransu, wani Malam Nasiru mai zaƙin baki, ya ƙyalla ido ya ga tsohon tumtum, ya ce a ba su shi. Jinaidu ya ƙi, aka haɗa shi da mai unguwa, ya ji kunya ya ba da.

"Aro na, Baba," in ji Malam Nasiru. "Kwana biyu za mu maido maka."

Sai aka yi kulle. Ziyara ta tsaya, aka ɗage baje kolin, aka garƙame ofishin kwamitin da tumtum a ciki. Jinaidu bai yi ƙorafin kullen ba, ya ce cuta daga Allah take. Da yunwa ta matsa, ya kwashe sababbin da ya ɗinka ya karyar wa wani ɗan kasuwa mai zuwa kudu, tunda a ganinsa na asali yana nan tafe.

Abin da ya ƙona mana rai shi ne bayan an sassauta. Kasuwa ta cika, manya suna ta bukukuwansu, amma a ce ɗaki guda ya gagara buɗuwa. Kullum rediyo tana cewa gwamnati ta shirya farfaɗo da yawon buɗe ido, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, an yi taro a otal an ci kaji. Ban ji baduku ko ɗaya da aka tambaya yadda ya kwana ba. Jinaidu ya yi ta sintiri zuwa ofishin har mai gadin ya daina amsa masa sallama. Yau a ce mabuɗin yana hannun wanda ya tafi Abuja, gobe a ce an yi wa Malam Nasiru canjin wurin aiki.

Ya gwada ɗinkawa da ka. Gefe-gefen duk sun zo daidai, amma da ya iso tsakiya, inda zare kala uku suke shiga juna, sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗinka ya warware har fatar ta yage. Na tarar da shi yana kallon yatsansa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Masu ziyara suka fara dawowa jefi-jefi, suna leƙa rumfar suna tambaya, shi kuwa ya koma facin takalma. Ya bi unguwa gida-gida ko akwai mai tumtum na hannunsa, ya ara ya shafa. Babu. Duk sun tafi Yamai da Garwa da ƙasashen da ba mu san sunansu ba.

Wata ranar Laraba da hantsi wani masinja ya sauke buhu a ƙofar rumfar, ya ce saƙo ne daga ofis, ana godiya. Ashe rufin ɗakin da aka ajiye tumtum ɗin yana yoyo. Warin funfuna ne ya fara fitowa kafin tumtum ɗin, ga kuma ƙasar gara manne a jikinsa. Jinaidu ya ɗora shi a cinya, ya rufe ido, ya fara shafawa daga gefe yadda ya saba. Gefen yana nan. Yatsan ya matsa a hankali zuwa tsakiya, sai ya zurma ciki.

Ashatu, da ta kawo masa fura, ta ce, "Malam, mi ya hwaru?"

Bai cire yatsan ba. Ya ce, "Wurin da ban riƙe ba, Ashatu, shi anka cinye."