Kawu Ya'u, Mai Shayar da Jirgin Ruwa a Hamada

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Kawu Ya'u, ƙanin mahaifiyata, kuma wallahi ban taɓa jin rashinsa kamar a wannan watan ba. Akwai labari a bakina da babu wanda zai ji daɗinsa kamar shi. Tunda babu shi, ku masu karatu ku za ku sha surutuna.

Kawu direban tirela ne a Khumra, can kudancin Jidda inda rumbunan kaya suke. Amma ba siminti ko kwantena yake ɗauka ba. Jiragen ruwa yake ɗauka, irin na masu yawon shan iska da kamun kifi, ya ratsa da su hamada daga Jidda zuwa Dammam. Ku duba taswira ku ga daɗin abin! Mai jirgin da ke son ya koma tekun gabas ta ruwa, sai ya gangara kudu har Babul Mandab, ya bi gaɓar Yaman kaf, ya zagaye Oman, ya kutsa ta Hormuz. Makonni ke nan yana fama da iska da igiyar ruwa. Kawu kuwa sai ya ɗora maka jirginka a bayan mota, kwana uku ka same shi a wancan teku. Har yau idan na tuna wannan, tsigar jikina tashi take yi.

Direbobin Khumra suna kiransa Mai Shayar da Markab, wato jirgin ruwa, kuma da tsiya suka sa masa sunan. Idan jirgin katako ya ɗauko, ba ya tafiya sai da tankin ruwa a gefen tirela. Kowace tasha sai ya tsaya, ya hau da bokiti. Abokinsa Ɗan Sudan yakan leƙo ta taga ya ce, "Ya Ya'u, raƙumin naka ya ƙoshi ko a kawo masa ciyawa?" Kawu sai ya ce, "Wuce, ai naka kayan ba su da rai."

Abin da zai ba ku mamaki, bai koya mini komai ba. Ƙi ya yi ƙememe. Ranar da na gama sakandare na same shi a gidansa na Waziriyya na ce zan bi shi, ko kallona bai yi ba. "Halas, ya walad, ya isa haka, yaro," in ji shi. "Tuƙi ya cinye min baya, ba zai ci naka ba. Je ka nemi aikin da ake zama a inuwa." Wata huɗu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Motar ta kafilinsa ce, wato ubangidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, aka zo aka tafi da ita.

To ni ban ji magana ba. A waya na koyi rabin abin da na sani: yadda ake kwantar da itacen tuta, dogon sandan nan na tsakiyar jirgi, yadda ake girka gadon da jirgi zai zauna a kai, inda ake ɗaure bel da inda ba a ɗaurewa. Sauran rabin na tsinta a bakin tsofaffin direbobi, ina saya musu shayi suna zagina. Na yi shekaru ina jan kwantena daga tashar jiragen ruwa kafin wani ƙaramin kamfani ya yarda ya ba ni tirelar jirage.

Ina ma Kawu ya ga tirelar yau! Maɓalli ɗaya za ka danna ta durƙusa har ƙasa. Tasrihi, takardar izinin bin hanya da kaya mai faɗi, wanda yakan yi kwanaki yana bin ofisoshi a kansa, yanzu a waya yake shigowa. Na san durƙuson zai burge shi, zai ce a sake dannawa ya gani. Amma wayar da ke gaya maka tsayin kowace gada? Wannan kam ba zai yarda da ita ba ko za a yanka shi. Sai ya sauka ya auna da gorarsa. Kuma da zai tambaya, ina jiragen katakon? Yanzu kusan duka na roba ne, a naɗe su da farar leda kamar alewa, ka kai ka dawo ba ka ɗiga musu ko cokali ɗaya na ruwa ba.

Sai ga shi watan jiya an kira ni kan jirgin katako. Na wani dattijo ne Bahijaze, Ammu Salih, wanda zai koma wajen 'yarsa a gabas. Mahaifinsa ne ya ƙera jirgin da hannunsa. Shekarun Ammu ba za su ɗauki zagayen teku ba, jirgin ma haka. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ya waladi, babu na biyunsa. Idan ya tsage, babu mai sake ƙera min." Direbobi biyu sun riga sun ƙi aikin, don katako idan ya bar ruwa ya sha zafin hamada, ƙanƙancewa yake yi, mahaɗarsa ta buɗe, ka mayar da shi teku ya nutse a gabanka. Ni kuwa da murnata na ce na karɓa.

Shirina shi ne na Kawu, yadda na zata. In lulluɓe jirgin da jiƙaƙƙun buhuna ta waje, in riƙa watsa ruwa. Na je Waziriyya in yi wa Inna Hauwa, matar Kawu, alfahari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai Bashir, wa ya ce maka ta waje ake jiƙawa? Iskar hanya ta busar da shi kafin ka wuce Jumum! Ta ciki ne. A ƙasan cikinsa ake shimfiɗa buhunan, waje kuma a rufe da tamfal kada rana da iska su gan shi. Kuma ruwan teku, ba na famfo ba."

Na ce, "Inna, ke a ina kika sani?"

"Ji min yaro! Wa kake zaton yake farke buhunan nan yana ɗinke su shekara da shekaru? Wayarka?"

Shekara bakwai ina bin tsofaffin Khumra da shayi, ashe malamar tana gidanmu.

Yadda ta ce haka na yi. Muka bi hanyar Sail, tunda babbar mota ba ta hawan dutsen Hada, motar rakiya a gaba tana walƙiya. Kowace tasha na hau da bokiti. A wani gidan mai bayan Riyad wani direba ya tsaya yana kallona, ya ce ko na haukace ne. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Da safiyar kwana na huɗu winshi, injin ɗaga kaya, ya rataye jirgin da bel biyu ya sauke shi a ruwa a hankali. Na leƙa ciki. Ruwa! Yana tsattsafowa ta mahaɗa kusan goma, siriri siriri, yana taruwa a ƙasa. Ammu Salih ya dafa ƙarfe ya zauna. Mai winshi yana ta ihu, "Yalla, mu fitar da shi, akwai layi a bayanku!" Ni kuwa sai na kira Inna.

"Kada ka bari a fitar da shi," ta ce. "Ka bar shi a rataye cikin ruwan, ya sha. Ƙishi yake ji. Akwai kafinta kusa? Nemo garin katako, ka tura shi ƙarƙashin jirgin. Kawunka da gwangwani yake yi, a ɗaure a bakin sanda."

Na roƙi mai winshi kamar zan yi kuka, har Ammu ya tashi ya sa baki, sannan mutumin ya haƙura. Na samo rabin buhu a wani shagon kafinta. Sai ka cika gwangwani, ka nutsar da shi a kife, ka juya shi daidai ƙasan mahaɗa. Garin ya taso, ruwan da ke kutsawa ciki ya zuƙe shi cikin tsagar, ya kumbura ya toshe. Jama'a, da idona na ga tsattsafin nan yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya! Kafin la'asar saura biyu. Washegari da hantsi Ammu ya shafa ƙasan jirgin da tafin hannu, ya ɗaga min shi a bushe. Aka cire bel. Jirgin ya zauna a kan ruwa abinsa.

Da na dawo Jidda na ba Inna labari, sai ta gaya min abin da ban taɓa sani ba. Kawu bai iya iyo ba, kuma duk jiragen da ya kai, bai taɓa taka ɗaya a kan ruwa ba. Tsoro yake ji. Amma ba ya tayar da mota sai mai jirgi ya ɗago masa hannu cewa ciki a bushe yake, ko da zai kwana biyu a bakin gaɓa, kafili yana ta kira yana faɗa. A takarda, aikin direba ya ƙare da zarar kaya ya bar tirela. Shi a wajensa ba nan ya ƙare ba.

Bai bar mana mota ba, bai bar mana shago ba, kuma da gangan ya hana ni sana'arsa. Ban sani ba ko zai yafe min rashin jin magana. Na fi zaton zai fara da faɗa, sannan ya tambaye ni mahaɗa nawa ce ta zuba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan tsayuwar a bakin ruwa, kuma ita na ɗauka. Allah ya jiƙan Kawu Ya'u, ya sanyaya makwancinsa. Inna kuma Allah ya ƙara mata lafiya, don ta riga ta gaya min cewa buhunan da na ɗinka abin kunya ne, in kawo mata su ta sake.