Marayun da Ubansu Ya Dawo

Ina bakin ƙofa ina suyar gyaɗa wata rana da la'asar, a gidanmu na unguwar Sharafiyya a Jidda, sai ga wani mutum ramamme ya tsaya a kaina ya yi sallama. Na amsa ban ɗago ba, na ce gyaɗar ba ta soyu ba tukuna. Sai ya kira ni da sunan da uwata kaɗai da mutum ɗaya ke kirana da shi. Na ɗago, ludayin ya faɗi cikin yashin kasko.

Maigidana ne, wanda muka yi wa sallar gaibu shekaru da suka wuce.

Aikin jirgin kaya yake yi tsakanin Jidda da gaɓar Sudan. Jirgin ya kama wuta a tsakiyar teku, waɗanda suka tsira suka rantse gaban alƙali cewa sun ga ruwa ya ci shi. Na yi takaba, na rungumi 'ya'yana uku. Da yake ni da shi duk a nan aka haife mu, muna da takardun ƙasa, sai umda, wato mai unguwarmu, ya kai sunana ofishin taimakon gajiyayyu. Duk shekara ana ba ni kuɗin marayu a dunƙule. Da su da gyaɗa da wankau na riƙe gidan. Ashe shi masunta ne suka tsamo shi, suka kai shi wata gaɓar da bai san kowa ba. Ya yi jinya mai tsawo, aka tsare shi don ba takarda, da aka sake shi ya yi ta dako har ya tara kuɗin jirgi. Ya aiko da saƙo ta bakin wasu alhazai, bai taɓa isowa ba.

Kwana da kwanaki gidan bai rabu da mutane ba. Ƙaramar 'yarmu ta ƙi zuwa wurinsa, tana laɓewa bayan zanena tana leƙensa. Ni kuwa sai in bar aiki in je in duba ko yana nan zaune.

Cikin masu barka ne wata maƙwabciya ta ja ni gefe.

"Ke kina ta murna, kin tuna kuɗin hukuma? Marayu aka bai wa, ga uban nan yana shan shayi. Wallahi sai kin amayar da su tun daga fari. Wata a unguwar Ammariyya har takardunta aka karɓe."

Kuɗin wannan shekarar ban daɗe da karɓa ba, na riga na gyara rufin ɗaki da su, na biya mai shago, na ɗinka wa yara kayan makaranta. Na shekarun baya kuwa ko gidan aka sayar da mu a ciki ba za mu iya biya ba. Na ce da maigida ko za mu yi shiru. Ya ce, "Yaya za a yi shiru? A takarda ni gawa ne. Wa zai ɗauki gawa aiki a mina?" Mina ita ce tashar jiragen ruwa, inda yake sa ran samun aikin sito.

Umda ya kai rahoto, ba a jima ba aka aiko mu je ofishin. Na ɗaure awarwarona na aure a gefen mayafi, na zinariya guda biyu da ban sayar ba ko lokacin da muke kwana da ruwan shayi. Muka tafi da yayana, don ya fi mu iya Larabcin ofis.

Mudiri, wato shugaban ofishin, dattijo ne mai tabarau. Ya karanta takardar alƙali, ya dubi maigida sama da ƙasa.

"Kai ne marigayin?"

"Ni ne, Allah ya daɗe da ranka."

Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce alhamdu lillah ala salama, ya sa aka kawo mana shayi. Ni ban iya sha ba. Na kwance bakin mayafi na ajiye awarwaron a kan tebur, na ce da yayana ya gaya masa abin da muke da shi ke nan, sauran a yi mana haƙuri, kada a taɓa takardun yara.

Ya turo su gabana da bayan alƙalami.

"Ya ukhti, 'yar'uwata, ɗauki abinki. Ke kika ce ya mutu? Alƙali ne ya ce. Abin da kika ci kafin ya dawo halalinki ne, ba mai tambayarki. Na watannin da suka rage a bana, tun daga ranar da ya sauka, shi ne na hukuma, don akwai wasu marayun da ke jira. Wannan za ku mayar."

Yayana ya ce ai an kashe su. Mudirin ya tambayi maigida ko yana da aiki. Ya ce sai an raya shi tukuna.

"To, je ka kotu a raya ka. In ka fara ɗaukar albashi, ka riƙa kawo kaɗan kaɗan duk wata. Halas, shi ke nan. Yalla, ku sha shayinku."

Muka fito. Na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba ranar da ya dawo, yayana yana cewa in tashi mutane na kallo.

Shari'ar raya shi ta ɗauki lokaci, sai da aka nemo mutum biyu da suka san shi tun yana yaro suka shaida. Ya samu aikin sito. Duk ƙarshen wata shi da kansa yake kai kuɗin, masu gadin ofishin suna tsokanarsa da "ga marigayi ya iso". Mun ɗan matsu, nama ya yi mana nisa, na ƙara karɓar wankin wani gida. Kafin azumi na biyu ya kama muka gama. Ranar ya biyo ta kasuwa ya sayo kifi, muka ci da shinkafa, na aika wa maƙwabciyar nan da kwano guda.