Muzurun da Aka Raina da Ɗanyen Nama

Ƙanena ba ya iya kallon jini, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ko allura ce ta soke shi a shagonsa na ɗinki, sai ya kau da kai ya miƙa wa maƙwabci yatsan ya ɗaure masa. Amma wannan mutumin ne ya fi kowa wa'azin ɗanyen nama a unguwa.

Yana da wani muzuru mai ƙaton kai da yake kira Janar. A cewarsa kyanwa jikar zaki ce, wuta kuwa tana kashe amfanin nama. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha wannan karatu kafin a auna masa kafaɗa.

"Ka taɓa ganin zaki da tukunya? Dubi gashin Janar, sai sheƙi. Ɗanyen nama ke nan."

Janar dai ko ɓera ya gani, kan kabad yake hayewa.

Kullum ƙanena zai biya wajen mahauci, ya tsaya nesa da teburi yana kallon titi, a ƙulle masa hanta da ƙoda a baƙar leda. Matarsa ke yankawa ta zuba a kwano bayan kicin. Shi ko leƙa kwanon bai taɓa yi ba.

Da 'yarsu ta haihu, matar ta tafi zama da ita, aikin ya faɗo kaina. Na yanka, na zuba ɗanye kamar yadda aka umarce ni. Janar ya shinshina, ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya wuce. Washegari ma haka. Kafin mako ya ƙare ƙashin bayansa ya fito, ƙanena ya rufe shago ya zauna jinya.

"Yaya, hannunki ne. Ke dama ba kya ƙaunarsa."

"Ba na ƙaunarsa, gaskiya ne. Amma hanta ba ta san hannu ba."

Muka kai shi wajen likitan dabbobi, ya duba, ya ce ba ciwo, yunwa ce. A gabansu na buga wa matar waya, na buɗe murya don kowa ya ji.

"Yaya, ba dai ɗanye kike ba shi ba?" ta ce. "Ai rabonsa da ɗanye tun yana ɗan mitsitsi. Sau ɗaya ya ci, ya ɓata min katifa da zawo, ni kuma ga jikoki suna rarrafe. Ki tafasa, kar ki sa gishiri. Kuma don Allah kar Baban yara ya ji."

Baban yara yana tsaye, riƙe da kwandon kyanwa. Likita ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba a aljihun tebur.

A gida na ɗora tukunya. Janar ya cinye, ya lashe kwano har yana tura shi jikin bango. Ƙanena ya tsuguna yana kallo, karo na farko a rayuwarsa. Na ɗauka zai ce ya yi kuskure, sai na ji ya ce ai ƙarfin ɗanyen nan na farko ne ya riƙe shi har yau.

Da safe ya buɗe shago, wa'azi ya ci gaba, har ya tsufa bai sauya ko kalma ba. Abu ɗaya ya roƙe mu, ni da matarsa da jikoki:

"Ku riƙa dafawa bayan na fita. Kuma ku buɗe taga, kada in dawo in ji ƙamshi."