Zomo Mai Cinyar Zabo

Ko zan manta komai na zaman jami'a, ba zan taɓa manta zomon Falanko ba.

Ina shekara ta uku a fannin ilimin dabbobi, malaminmu ya ce kowa ya dawo daga hutu da cikakken ƙwarangwal ɗin dabba ɗaya, za a ajiye a ɗakin adana ƙasusuwa na jami'a. Wanda nasa bai cika ba ya faɗi. Na je gida Tanout, wani maharbi daga Falanko ya kawo mini ƙaton zomo. Niyyata in binne shi, ƙasa ta cinye naman, in tono ƙashin. Da kakata ta ji, ta ce in dai tana raye ba za a yi wa nama jana'iza a gidan nan ba.

Sai muka sasanta: a dafa, a ci, amma kowa ya maido ƙashi lafiya lau. Na ajiye tasa a tsakiya, na tsaya a kansu kamar jandarma. Mutanen da suka saba tauna ƙashi har ya zama gari, ranar sai ga su suna cin nama kamar masu ciwon haƙori. Fita ɗaya na yi, ɗauko ruwa. Ina dawowa na tarar da kaka tana share baki, ta ce, "Maigidana, duba kayanka, sun cika."

A jami'a na haɗa ƙasusuwan da waya. Ƙafar baya ɗaya ta ƙi zama, na yi ta lanƙwasa wayar har ta zauna dole. Malam ya daɗe yana kallo. Can ya tambaye ni ko zomayen yankinmu na Damargu tashi sama suke yi. Ashe kaka ta tauna cinyar zomon, ta tsamo ƙashin zabo daga miyar jiya ta cike gurbin.

Na faɗa masa gaskiya, ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ƙyar ya ba ni makin tsira. Zomon yana nan cikin gilashi har yau, da shi ake gwada idon sababbin ɗalibai.

Da na kai mata ƙorafi, ko a jikinta. Cewa ta yi, "Zabon ma namu ne. Ta dalilina ya shiga jami'a."

Tun daga nan na koyi cewa in abu ya ƙi zama, in bar tilasta shi, in nemi dalili. Kuma ban sake barin kaka ita da abu mai ɓargo ba.