Rautar da Muka Ɗora Kan Rumbu

Ranar wata Laraba ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji ɗaya na sakandare. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, Yaya Rabi ta yi sallama, saukarta ke nan daga motar Kano, da wani kwali a hammata. Yaya Rabi ƴar Gwaggo ce, Gwaggo kuwa yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni a Daura tun ina shekara huɗu, lokacin da Baba ya kwashe Umma da ƙanena suka koma Legas wajen cinikin shanu.

A cikin kwalin akwai wata ƴar na'ura fara mai ƙaho biyu, ko faɗin faranti ba ta kai ba. Yaya Rabi ta ce sunanta rauta, mai araha ta samo, da an sa mata layi wayoyin gidan za su kama intanet, a yi kira ana ganin fuska. Gwaggo ta dube ni tana dariya ta ce, "To Hafsatu, ke da uwarki sai ku yi ta zuba har ku gaji." Rariyar ta kusa suɓuce mini. Duk Juma'a Baba yakan kira, Umma ta karɓa ta gaida Gwaggo, da an zo kaina sai a ce kati ya ƙare. Shekara takwas ina jin haushin kati.

Na'urar ta ba mu wuya. Muka sa layi a bayanta, muka jona ta da batirin solar da muke kunna fitila, amma ƴar wutar da ke gabanta ta tsaya a ja. Yaya Rabi ta ce katangar ɗakin Gwaggo ta ƙasa ce, ta yi kauri. Muka gwada taga, muka gwada zaure, har kan turmi muka ɗora ta, akuya ta kusa tauna wayar. Da ta rikice sai mu zura tsinken tsintsiya a wani ɗan rami da ke bayanta mu fara daga farko. Kwana biyu ban je wasan gaɗa ba, ƙawayena suna leƙowa suna kirana ina korarsu. Ranar Alhamis da yamma na jingina tsani na hau rumbun gero da ita a hannu, ina ta salati, sai wutar ta koma kore. Nan muka ɗaure ta da igiyar guga, na kifa mata faifai saboda rana. Lambar sirrin da ke manne a ƙarƙashinta kuwa sai da na haddace ta kamar hadda, don kada a ce ta ɓace.

Ranar Juma'a na wanke kaina, na sa atamfar Sallah, na zizara kwalli. Bayan la'asar muka zauna kan tabarma a gindin rumbu, kira ya shiga. Ga Baba ya yi furfura, ga ƙannena uku, biyu ban taɓa ganinsu ba. Sannan ga Umma. Hancina ne sak a fuskarta. Ta gaida Gwaggo, ta tambayi ciwon ƙafarta, ta yi wa Yaya Rabi ya karatu, har jikar maƙwabta ta tambaya. Yaya Rabi ta juyo da wayar gabana. Na ce, "Umma, ina wuni?" Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai, ta ce wa Gwaggo, "Lafiya lau. Yaya, wannan ɗin dai ba ta ba ku wahala ko?" Ta miƙa wa Baba wayar ta tashi.

Gwaggo ta yi shewa, ta ce haka ƴar mutunci take, ko a waya ba ta yarda ta zubar da kunyar ƴar fari ba. Yaya Rabi ma tana dariya. A nan na gane kati bai taɓa ƙarewa ba. Duk sun sani. Sun bar ni na yi ta hawa tsani, suna kallo. Na shige bayan ɗaki wajen tukwanen ruwa na yi kuka har kwallin ya ɓata mini wuyan riga, da aka kira magariba na wanke fuska na yi alwala, ban faɗa wa kowa ba.

Yanzu ina ɗakina, ina da ƴaƴa biyu. Na san haka aka reni Umma, haka uwarta ta yi mata, kuma kullum bayan sallah ina roƙa mata lafiya da gamawa da duniya lafiya. Kira ya yi sauƙi, muna gaisawa kowane sati, ta tambayi yara ɗaya ɗaya da sunansu. Ni ƴata ta fari da sunanta nake kiranta, ko a gaban surukai, suna ta cewa na cika rashin kara. Umma ta tsufa, muryarta ta fara rawa. Har yau ban san yadda sunana yake a bakinta ba.