Tagar da Na Sa Aka Fasa

Sau uku a damina ɗaya matar nan tana kawo mini jaririnta asibitin sha-ka-tafi da nake aikin jinya, numfashinsa sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa. A na ukun na wanke ta tas, don lokacin ina da baki. Na ce ba ta ba shi maganin. Ta rantse tana ba shi. Na ce to, zan zo in gane wa idona.

Gidan haya ne a gangaren Haɗeja, ta wajen kogi, kowane ɗaki da iyalinsa. Nasu ne na ƙurya. Ambaliya ta janye, amma bangon ƙasar ya sha ruwa har gwiwa, in ka danna yatsa sai ya nutse. Ina ɗaga labule hayaƙi ya tare ni. Kasko ne a tsakar ɗaki, cike da ƙaiƙayin shinkafa yana ci a hankali. Haka suke yi a unguwar, su yi ta turara bango ya bushe kafin ya zube. Tagar kuwa an liƙe ta da laka, wai daga nan tsagewa ta faro. A nan yaron yake kwana.

Raina ya ɓaci. Na ce a fitar da kaskon, a buɗe taga yau ɗin nan. Mijinta, masunci ne mai kunya, ya ce bangon ba zai ɗauka ba. Na ce shi ya yi karatun lafiya ko ni? Matar ce ta dube ni.

"Malama, in mun kashe wutar, bango. In mun bari, ƙirjinsa. Wanne za ki zaɓar mana?"

Na tsaya a kansu har ya ɗauko fartanya ya fasa tagar.

Ruwa biyu aka yi bangon ya kwanta, ta wajen tagar. Allah ya kiyaye, da hantsi ne, suna tsakar gida. Suka koma makarantar firamare inda waɗanda ambaliya ta kora suke zaune. Ajin tagogi ne ta ko'ina, ƙasa siminti. Can yaron ya warke sarai, har kumatu ya yi. Ni dai kunya ta hana ni haɗa ido da uban.

Da hutu ya ƙare aka ce kowa ya koma gidansa. Mijin ya kwaɓa ƙasar da ta zube, ya sake tayar da bangon da hannunsa. Wannan karon bai bar gurbin taga ba sam.

Damina ta zagayo, ga matar a kan bencinmu da goyo. Ta sauke shi, na ɗaga rigarsa na duba haƙarƙarin. Wallahi na gaji. Na ƙirga mata maganin, na ce safe da yamma. Ta jira faɗan, ba ta ji ba.

"Za ki zo gidan, Malama?"

Na ce a'a, na san ɗakin.